LAYIN DOGON DA YA TSAYA A ƘAURAN NAMODA: TARIHINSA DA KAYAN DA YA ƊAUKA

  

Da editan wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, sai na tuna wata rana muna aji uku, malaminmu na labarin ƙasa ya rataya taswirar Nijeriya a jikin allo, ya ce kowa ya fito ya nuna tashar jirgin ƙasa mafi kusa da garinsu. 'Yan ajinmu ba za su manta dariyar da aka sha ran nan ba. Ni da na fito daga Masama na ɗora yatsa a kan Gwandu, na yi ta laluben baƙin zaren nan mai ƙananan haƙora da ke nuna layin dogo, ban same shi ba sai da yatsana ya fita daga Jihar Kebbi, ya ratsa ta Sakkwato, ya faɗa Zamfara, ya kai Gusau. Daga nan zaren ya ɗan miƙa arewa zuwa Ƙauran Namoda, ya tsaya cik, kamar wanda aka datse da almakashi. Malam ya tambaye mu dalilin da ya sa ya tsaya a nan. Kafin wani ya ce uffan aka kaɗa ƙararrawa, aka tashi. Wannan 'yar maƙala ƙoƙari ne na amsa waccan tambaya, ko da yake na makara da kusan shekara ashirin. Ina fatan Malam zai karɓi aikin, ya yi mini afuwar lattin.

KAFIN ZUWAN DOGO

Ya kamata mu fara da sanin cewa ƙasarmu ba lungu ba ce a harkar ciniki kafin zuwan Turawa. A ƙarni na 19, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatauci na ƙasar Hausa ta wajenmu ta bi. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato zai tafi Gwanja sayen goro, da yawa sukan biyo ta Jega, su haye Kwara ta wajen Illo ko Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, har su kai kasuwar Salaga a cikin ƙasar Gana ta yau. Suna tafiya da kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi, su komo da goro. Tafiyar takan ci watanni, madugu na gaba, jakuna da 'yan alaro na biye, ana yada zango ana tashi. Kasuwar Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan jihadi, ta yi suna har ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Bayan hanyar tudu kuma ga ta ruwa, domin Gulbin Zamfara ya bi ta Jega ya haɗu da Gulbin Kabi, shi kuma ya zuba a Kwara, inda kwale-kwale ke kai da kawowa har ƙasar Nufe.

Amma irin wannan sufuri yana da iyaka. Ɗan alaro ba ya wuce kaya ɗaya a ka, jaki kuma ba ya wuce mangalarsa, sa'an nan kullum sai sun ci sun sha. Saboda haka abin da fatake ke kai wa nesa shi ne mai tsada marar nauyi, kamar goro da tufafi. Gero ko gyada kuwa, in aka ce a kai su bakin teku a bayan jaki, kuɗin hanya zai cinye kuɗin kayan tun ba a yi nisa ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin kuwa a kansa dukkan labarin dogo ya ginu.

YADDA DOGO YA ISO AREWA

An fara shimfiɗa dogo a Ikko a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin Kwara a 1909. A Arewa kuwa, bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tarar da ƙasa mai faɗi wadda harajinta bai isa ya riƙe mulkinta ba. Gwamna Lugga ya matsa a yi wa Arewa nata dogon, wanda ya gaje shi kuma, Percy Girouard, dama injiniyan reluwe ne. A hannunsa aka fara layin Baro zuwa Kano a 1907, da nufin jiragen ruwa su kawo kaya Baro ta Kwara, jirgin ƙasa ya ƙarasa da su. Dogo ya shiga Kano a 1911. Layin Ikko kuma ya haɗu da shi a Minna, aka haɗe su ƙarƙashin hukuma guda a 1912. Kafin a gama gadar Jebba a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, a kan jirgin fito ake haye da taragai. Kada mu manta, wannan aiki da diga da shebur da kwando aka yi shi, kuma sarakuna da hakimai aka ɗora wa nauyin tara leburori, da yawansu ba da son ransu suka je ba.

Abin da Turawa suka sa rai da shi tun farko auduga ce. Masaƙun Lancashire a Ingila sun dogara da audugar Amurka, suna neman wata kafa, shi ya sa aka kafa kamfanin BCGA a Manchester a 1902, wanda mutanenmu ke kira Bisije. To amma ƙasar Kano tana da nata masaƙa da marina waɗanda ke sayen auduga da daraja fiye da yadda Bature zai biya. Da jirgi ya fara ɗaukar kaya a 1912, sai manoma suka juya ga gyada, domin masana'antun Turai na neman manta don yin sabulu da man shafa wa burodi, kuma ita gyada in kasuwa ta ƙi ana iya cinta a gida. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakanin manoma da kamfanoni. Watau dogon da aka yi domin auduga, gyada ce ta fara biyan kuɗinsa.

RESHEN ZARIYA ZUWA ƘAURA

Bayan Yaƙin Duniya na Farko ciniki ya farfaɗo, gwamnati ta ga babban layi yana biyan kansa, sai ta shiga yi masa rassa domin su riƙa kwaso masa kaya, kamar yadda ƙoramu ke ciyar da gulbi. Ɗaya daga cikin rassan shi ne wanda ya tashi daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda. Tsawonsa kimanin kilomita 220 ne, an kuma gama shi a 1929. Faɗin tsakanin ƙarafunansa ƙafa 3 da inci 6 ne, kamar babban layin, kuma hanya ɗaya ce tak, in jirgi biyu za su wuce juna sai ɗaya ya jira a tasha.

Duk wanda ya san ƙasar zai gane dalilin da ya sa aka bi da shi nan. Daga Zariya zuwa Funtuwa har Gusau ƙasar laka ce mai son auduga, a nan ne irin audugar Amurka mai suna Allen ya karɓu, aka kafa gonar iri a Daudawa, Bisije kuma ta gina gidajen gurza a Funtuwa da Gusau. Daga Gusau zuwa arewa kuwa ƙasa ta fara zama jigawa, mahaifar gyada. Ƙaura, garin da ya samo sunansa daga Namoda, jarumin nan na jihadi, tana fuskantar Zurmi da Shinkafi da Isa, har zuwa iyakar ƙasar Faransa ta wancan lokaci. Tasha a nan tamkar buɗe bakin buhu ce ga duk gyadar wannan yanki.

To, me ya hana shi ƙarasawa Sakkwato, hedkwatar lardi, balle Gwandu da Argungu? A ganina dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, a shekarar da aka gama shi, watau 1929, kasuwannin duniya suka karye, farashin gyada da auduga ya faɗi warwas, kuɗin shigar gwamnati ya ragu. Reshen Kano zuwa Nguru ya samu ya kammala a 1930, daga nan kuma ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Nijeriya ba sai da aka fara na Barno a 1958, wanda ya kai Maiduguri a 1964. Na biyu, masu shimfiɗa dogo ba yawan jama'a ko darajar gari suke dubawa ba. Tambayarsu ita ce, tan nawa na kayan fitarwa waje wannan mil ɗin zai kawo? Arzikin ƙwarin Rima da Gulbin Kabi shinkafa ne da gero da kifi da albasa, abincin cikin gida wanda jiragen ruwan Liverpool ba su zo ɗauka ba. Inda lissafin gyada da auduga ya ƙare, nan ƙarfe ya ƙare.

KAYAN DA JIRGIN YA ƊAUKA

Shekarar wannan layi tana bin shekarar manomi. Da damina tasha shiru take, sai jirgin fasinja da 'yan kayan kanti. Da an cire gyada an ɓare, aka buɗe kasuwa da shigowar hunturu, sai gari ya rikice. Jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, su yi ta kwararowa daga ƙauyuka. 'Yan baranda na tare manoma, ana aunawa a sikeli, ana ɗurawa a buhu ana ɗinkewa, 'yan dako na jerawa a filin kamfani har tarago ya samu. Kimanin buhu 13 ne ke yin tan guda, tarago ɗaya kuwa yana kwashe abin da sai an tara jakuna ɗaruruwa kafin su ɗauka. Wannan ne ya sa gyadar Zurmi ta iya isa Ikko da sauran riba a jikinta. Har gyadar kudancin Nijar ta riƙa fita ta tashoshin Nijeriya, kafin Faransawa su ɓullo da wani shiri a shekarun 1950 na karkata ta zuwa Parakou da Kwatano.

Auduga kuma takan zo bayan gyada. Daga kasuwar auduga a kai ta gidan gurza, inji ya raba ta da angurya, a matse ta dila-dila a ɗaure da ƙarfe domin ta rage cin wuri a tarago. Anguryar ma kaya ce, a ware ta shuka a mayar wa manoma, saura a yi lodinta. Sai fata da ƙirgi, musamman fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko tun zamanin da take bi ta Sahara. Sai shanu. Saniyar da aka kora da ƙafa zuwa Kudu takan yi makonni a hanya, ta rame, ta ratsa dajin tsando ta kwaso sammore. Wadda aka sa a tarago kuwa cikin 'yan kwanaki ta isa Ibadan ko Ikko da namanta.

Taragan ba sa komowa wofi. Suna hawowa da gishiri da kananzir da atamfa da sukari da kwanon rufi da siminti, sa'an nan da goro. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Da noman goro ya yaɗu a ƙasar Yarbawa, ana kuma iya loda huhunsa a tashoshi irin su Agege ya iso Arewa da ɗanyensa, sai tafiyar Gwanja ta watanni ta zama wahalar banza. Hanyar fataken da ta ratsa Jega ta yi ta mutuwa a hankali, madugai suka zama 'yan tasha.

Garuruwan da dogo ya taɓa kuwa suka tashi. Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa, ta cika da kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt, ga Kwarori, ga Yarbawa da Ibo ma'aikatan reluwe da na kamfani, har ta zama cibiyar cinikin Lardin Sakkwato, tana gaban hedkwatar lardin kanta a wannan fanni. Daga baya aka kafa mata masaƙa a shekarun 1960. Funtuwa ma haka, ta shige gaban Maska, har ya zama a cikinta Sarkin Maska ke zaune.

Jirgin na wancan zamani da kwal ɗin Inugu yake tafiya, yana tsayawa shan ruwa a tashoshi, kafin a fara kawo masu amfani da man dizal a tsakiyar shekarun 1950. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragai suka tsufa, sababbi ba su samu da wuri ba, noma kuwa ya ƙaru. Sai gyada ta riƙa kwana a tasha, ta shekara ba a kwashe ba ta bana ta tarar da ita. Dalar gyadar nan ta Kano da muke alfahari da hotonta, rabinta shaidar albarkar noma ce, rabinta kuma shaidar ƙarancin tarago. A wannan zamani ne aka kafa hukumomin ciniki na gyada da na auduga a 1949, aka mayar da su ƙarƙashin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa a 1954, ita kuma reluwe ta zama hukuma mai cin gashin kanta a 1955. A 1964 jiragen ƙasar Nijeriya sun ɗauki kaya kusan tan miliyan 3 da fasinja fiye da miliyan 11.

MU DA MUKE NESA DA TASHA

In aka dubi taswira, za a ga ƙasar Gwandu tana zaune tsakanin tashoshi huɗu, kowace ta yi mata nisa: Gusau da Ƙaura a gabas, Jebba a kudu, sai Parakou a ƙasar Dahomey ta da, inda dogon Faransawa daga Kwatano ya tsaya a 1936. Wanda ke da kaya a wajenmu, ko dai ya bi da su ta Tambuwal da Sakkwato da Talatar Mafara zuwa Gusau, ko ya gangara da su Yawuri a sa a jirgin ruwa zuwa Jebba in ruwa ya kawo. Shanunmu kuwa da ƙafa suka ci gaba da gangarawa ta Jebba zuwa Ilori. Tun da kamfani farashin tasha yake dubawa ya cire kuɗin hanya, manomin da ke nesa shi ke karɓar mafi ƙanƙanta a kan buhu iri ɗaya, shi ne kuma ke sayen gishiri da kananzir da tsada.

Haraji kuwa bai san nisa ba, da kuɗin Bature ake biyansa ko'ina. Wannan na cikin dalilan da suka sa Lardin Sakkwato ya yi suna da 'yan ci-rani. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda da an gama girbi sukan haɗu su 'yan samari, su ɗauki buta da sanda da ɗan guzuri, su yi fiye da mako suna tafiya a ƙasa har Gusau. Can ya fara ganin jirgi, can kuma ya yi rani yana ɗaukar buhunan gyada a ka zuwa bakin tarago. In damina ta gabato ya komo Masama da kuɗin harajin gidansu, da turmin atamfa, da ɗan gishiri. Yakan ce ya loda wa jirgi kaya shekara da shekaru, amma bai taɓa loda buhu ɗaya da aka noma a gonarsu ba. Na tabbata da yawa daga cikinmu, 'yan Kalgo da Jega da Aliero da Bunza, akwai irin wannan labari a gidajensu.

YADDA LAYIN YA DURƘUSHE

Abubuwa da dama ne suka taru. Rikicin 1966 ya sa ma'aikatan reluwe 'yan Gabas, waɗanda da yawansu direbobi ne da makanikai da masu kula da tasha, suka bar Arewa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe layin Fatakwal, duk kaya suka koma kan hanyar Ikko. Ana fita daga wannan sai ga farin 1972 zuwa 1974, sa'an nan a 1975 cutar kuturtar gyada ta cinye amfanin shekara. Nijeriya, wadda a shekarun 1960 take sahun gaba a duniya wajen fitar da gyada, ta daina fitarwa. Audugar da ta rage kuma masaƙun gida na Kaduna da Kano da Gusau suka riƙa shanyewa, tafiyar da ba ta buƙatar dogon zango. A 1974 kayan da jiragen ƙasa suka ɗauka a ƙasar nan duka sun sauko zuwa tan miliyan 1 da 'yan kai.

A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shigo, aka shiga zuba kwalta, mai ya yi araha, tireloli suka cika hanya. Mota tana zuwa har bakin kasuwa ta ɗauka, ta sauke a ƙofar mai kaya, ba jiran tarago, ba sauke-lodi sau biyu. A wajenmu ma abin ya fi sauƙin ganewa. Da hanyar Jega zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora da Jebba ta samu, wane ɗan kasuwa ne zai kai albasarsa gabas har Gusau domin a komo da ita kudu, alhali ga hanya ta miƙe zuwa Ikko? Hanyar ruwa ma ta canza kama tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968.

An yi ƙoƙarin ceto. An kawo ƙwararrun reluwe daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982. An soke hukumomin ciniki a 1986, waɗanda su ne manyan masu ba jirgi kaya a dunƙule. Gwamnatin Janar Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995, zamanin Shugaba Jonathan kuma aka ba da kwangilar gyaran shi wannan reshe na Ƙaura. Amma gyaran ƙarfe bai maido da gyadar da aka shimfiɗa shi dominta ba. Wani abin lura kuma, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da ta Zamfara a 1996, duk tashoshin tsohon Lardin Sakkwato suka faɗa Zamfara. Kebbi da Sakkwato suka tashi ba su da ko taku ɗaya na dogo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Zamani ya sake juyowa kan jirgin ƙasa. An buɗe sabon layi mai faɗi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Ibadan a 2021, a shekarar ce kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Zamanin Jonathan an sa layin Illela zuwa Sakkwato da Jega da Yawuri cikin waɗanda za a yi nazarinsu. A duk taron da aka yi a jiharmu sai wani ya tashi ya ce an manta da mu. Gaskiya ne, amma tarihin da na zayyana ya nuna cewa kuka bai taɓa jawo dogo ba, kuma dogon da aka yi ba tare da kaya ba ba ya daɗewa. Ga misali nan kusa da mu a Nijar: an shimfiɗa ƙarfe daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, amma da yake bai haɗu da layin Parakou ba, bai zama hanyar kaya ba.

Bambancin yau da 1929 shi ne, abin da Bature ya raina a wancan lokaci shi ne kasuwa yanzu. Ikko da Ibadan da Fatakwal cike suke da bakunan da ke jiran abinci. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a 2015. A 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, a 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Ga albasar Aliero, ga shanu da tumaki, ga simintin Kalambaina a Sakkwato, ga takin zamani da man fetur da ke hawowa. Duk kayan nan masu nauyi ne, masu tafiyar nesa, irin waɗanda aka ƙirƙiri jirgi dominsu, kuma duk a bayan tirela suke tafiya. Kuɗin motar da asarar albasar da ke ruɓewa a hanya, daga aljihun manomi suke fita, kamar yadda suka fita daga aljihun kakanninmu.

Saboda haka ina da shawara biyu ga wannan ƙungiya. Ta farko, a cikinmu akwai ma'aikatan gona da na kuɗi da na ayyuka, akwai 'yan kasuwa da masu motoci. Mu kafa ɗan kwamiti ya zauna da shugabannin kasuwannin Jega da Aliero da Kamba da Argungu, a ƙidaya motocin da ke tashi a mako, da abin da suka ɗauka, da inda suka nufa, kaka da rani, har shekara ta zagayo. In wakilanmu za su yi maganar dogo a Abuja, su je da wannan takarda a hannu. Ta biyu, dattawan da suka yi dako a Gusau da Ƙaura, ko suka kora shanu zuwa Jebba, saura kaɗan suka rage. Kowa ya je gida hutu ya zauna da nasa, ya ɗauki maganarsa a waya, ya aiko wa edita, mu riƙa bugawa a wannan mujalla kafin su tafi da abin da suka sani.

Ga Malam kuma, wannan ita ce amsata: dogo ya tsaya a Ƙaura ne domin a nan lissafin masu shi ya tsaya. In na yi kuskure a wani wuri, jan biron yana hannunku har yanzu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta addabi hanyoyin Zamfara da namu, ya sa mu ga ranar da ɗalibin Masama zai ɗora yatsa a taswira ya sami tasha kusa da gida. Amin.